Jar Ciyawar da Tarwaɗa Ya Ɗaura

Tankin ya riga rasuwar shigowa gidan da 'yan kwanaki. Tarwaɗa ne ya haɗa shi da hannunsa daga ragowar gilashin da yake samu a wurin aiki, don sana'arsa ke nan, yanka gilashi da saka shi a tagogin dogayen gine-gine. Sunan kuwa uwarsa ce ta laƙaba masa tun yana ƙarami, saboda in ta saka shi a baho ba ya kamuwa, sai ya sulluɓe mata da kumfa a jiki. Ya girma har ya ajiye gemu, sunan bai sake shi ba.

A falo ya kafa tankin, tsakanin taga da kujerar da Umma take miƙe ƙafa in ta dawo daga aiki. Ya shimfiɗa farin yashi, ya jera wasu duwatsu masu huda-huda kamar soso, ya dama wani gishiri na musamman a babban bokiti ya juye. Ya saka ɗan inji mai juya ruwa, ya ɗora doguwar fitila a sama, ya haɗa ta da wani ƙaramin agogo a jikin soket da zai riƙa kunna ta yana kashe ta. Da ya gama sai ya manna farin tef a gefen gilashin, daidai inda ruwan ya tsaya.

Auta, ƙanwarsa, ta leƙa ta tambayi ina kifin. Ya ce ba yanzu ba. Ta ce to a duk danginsu shi ne na farko da ya fara kiwon ruwa, Allah ya sa ya haifa masa tagwaye. Ya jefa mata tsumma, ta kauce.

Umma ya zaunar ya yi wa bayani. Ya ce ruwan ɗanye ne, in aka saka kifi yanzu kashinsa ma ya isa ya kashe shi. Sai an jira wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun zauna a cikin ramukan dutsen, su ne za su riƙa cinye dattin, kuma kafin su zauna sai an yi makonni. Shi yake kira nunar ruwa. Har ɗan guntun jatan lande ya jefa a ciki don ya ruɓe su sami abinci. Umma, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana shara da goge-goge a ofisoshin mutane, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka aika wa ƙazanta goron gayyata ba sai yau.

Abin da ya kawo na ƙarshe shi ne ciyawar. A leda mai ruwa ya shigo da ita, ja ce jawur, mai rassa sirara kamar jijiyoyin bayan hannu, ba ta fi tafin hannun jariri ba. Ya ce ciyawar teku ce, tana jure ɗanyen ruwa, tana shan dattinsa ma, kuma kafin kifi ya zo gidan ba zai zauna kango ba. Ya buɗe gwangwanin ɗinkin Umma ya yanko baƙin zare, ya naɗe hannun riga, ya ɗaure ciyawar a kan dutsen da ya fi tsayi. Sau biyu ya ƙulla, ya tsinke zaren da haƙori.

"Umma, abu ɗaya nake roƙonki," in ji shi. "Zai yi datti, zai koma kamar an watsa masa shayi. Don Allah kada ki wanke. Na san hannunki."

Ta ce ta ji, uban iyayi.

Bai ga ƙarshen makon ba. Katakon da yake tsaye a kai ya karye a can saman gini. Gajere, abokin aikinsa, shi ya zo da labarin, ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a hannu ya kasa shigowa.

Ranar da falon ya cika da masu gaisuwa, mata sun zauna har ƙasa, bayan la'asar sai aka ji ƙas daga jikin bango, fitilar tankin ta kama, haske fari mai shuɗi-shuɗi ya faɗo kan fuskoki. Wata tsohuwa ta yi salati ta ja jikanta. Auta ta ce agogo ne kawai. Umma kuwa ta san lokacin. Lokacin dawowarsa ne. Ya saita ta ne don in ya buɗe ƙofa ya tarar da ita a kunne.

Da mutane suka watse, gidan ya koma su biyu da ƙarar injin, wani zuuu da ba ya tsayawa. Umma ta koma aiki, don zama ba ya yi mata. Tana gama goge ƙasan ofis na ƙarshe take kama hanya da sauri, har abokan aikinta suna tsokanarta ko sabon miji aka yi ne ba a gaya musu ba. Ita dai so take fitilar ta same ta a zaune. In ta kama, sai ta ga jar ciyawar tana kaɗawa a hankali, ta yi dama ta yi hagu, kamar mutum mai jin maganar da ake yi masa. Nan ne kaɗai abin da hannunsa ya taɓa yake motsi. Rigunansa suna rataye, abin yankan gilashinsa yana cikin jaka, duk sun mutu tare da shi. Wannan ce kawai ta ƙi.

Dattin ya zo kamar yadda ya faɗa. Yashin ya yi ruwan ƙasa, gilashin ya yi hazo, duwatsun suka koma kamar haƙorin mai cin taba. Umma ta sha tsayawa a gabansa da tsumma a hannu ba ta san lokacin da ta ɗauko ba. Mace ce da ba ta iya ganin sawun yatsa a madubin gidan wani ta bar shi. Sai ta tuna ya ce ya san hannunta, ta mayar da tsumman kicin. A wannan dai ta ci jarrabawarsa.

Abin da bai gaya mata ba shi ne ruwan zai riƙa raguwa.

Wata safiya ta lura farin tef ɗin ya tsaya a sama, ruwa yana ƙasa da shi da faɗin yatsa. Ta durƙusa da busasshen tsumma ta bi gindin tankin, ta bi kusurwoyin inda ya shafa gam, har inda babban yatsansa ya bar shaida a ciki. Babu ɗigo ko ɗaya. Ƙasa a bushe take. Washegari ruwan ya ƙara sauka.

A zaman makoki Gajere ya faɗi wata magana da ya kamata ya haɗiye. Ya ce kafin motar asibiti ta iso, Tarwaɗa ya buɗe ido ya nemi ruwa, amma wani ya ce ba a ba wanda ya faɗo ruwa, sai suka hana shi. Umma ta ajiye maganar a wani lungu na zuciyarta ta rufe. Yanzu da ta tsaya tana kallon ratar da ke tsakanin tef da ruwa, maganar ta fito da kanta. Ba ta faɗa wa kowa abin da ta yi tunani ba. Ta san ba daidai ba ne, ta san wanda ya tafi ya tafi, tana salla tana yi masa addu'a kamar kowace uwa. Amma ruwa yana raguwa, kuma ba ƙasa yake zuba ba.

Ta ɗauko bokitinsa da kofinsa da buhun gishirinsa. Ta ga yadda ya dama, ba ta manta ba. Tankin ruwan gishiri ne, don haka ruwan gishiri za a mayar masa, wannan ko yaro ya sani. Ta dama har ya narke, ta zuba a hankali ta gefen gilashi har ruwan ya taɓa tef. Ta ji wani sanyi a ƙirjinta da ba ta ji ba tun ranar. Daga nan ba ta ƙara barin ratar ta kwana ba. Da ta ga ya sauka sai ta dama ta cika.

Auta ce ta fara cewa ciyawar ta canja. Jan ya fara komawa ruwan lemo daga kan rassa. Farin gishiri ya yi ɓawo a bakin tankin da jikin fitila. Ita Auta ba ciyawar ce ta dame ta ba, uwarta ce. Ta ga abinci yana komawa kicin yadda ya fito. Ta sha dawowa daga shagon ɗinkin da take aiki ta ji murya a falo, ta ɗauka baƙi aka yi, sai ta tarar Umma ce kaɗai tana ba gilashi labarin wanda ya zubar mata da shayi a ƙasan da ta gama gogewa. Wani yammaci ta zauna a hannun kujera ta ce Gajere ya yarda zai ɗauki tankin, yana da wuri a shagonsu, zai kula da shi.

"Muddin ciyawar nan tana da rai, ba mai taɓa shi," in ji Umma.

"In ta mutu fa, Umma?"

Umma ta dubi ciyawar. Injin yana ta zuuu.

"In ta mutu ku ɗauke."

Daga ranar ta ninka hidima. Ko rabin yatsa ruwa ya sauka sai ta cika. Ciyawar kuwa ta ci gaba da koɗewa, daga ruwan lemo zuwa fari, rassan suka yi laushi, wasu suka fara gutsurewa suna yawo a ruwa kamar zaren tsohuwar riga. Umma tana kallo tana ganin mutuwar da ba a bar ta ta gani ba a can gindin gini, tana zuwa mata a falo sannu a hankali.

Gishirin ya ƙare. Ta tambayi Gajere inda ake sayarwa, ya kwatanta mata wani shago a bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Ciki duhu-duhu ne da ɗumi, tankuna jere har sama, ko'ina ƙarar kumfa. Mai shagon mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya, hannunta a jiƙe har gwiwa. Da ta ga buhun da Umma ta riƙo sai ta ce ai ta san buhun nan, na mai gemun nan ne da ke zuwa yana cika ta da tambaya, yana kiranta uwar kifaye. Ta ce ina ya shiga, ko ya sami wani shagon ne ya yi mata butulci.

Umma ta gaya mata. Matar ta cire hannu daga ruwa ta goge a zani, ta jawo kujera ta zaunar da ita. Sai da ta gama yi masa addu'a sannan ta ɗaga buhun ta girgiza, ta ce amma Iya, ya aka yi wannan ya ƙare, ai ya isa ya kai shi watanni. Umma ta ce ruwan yana raguwa, ita kuma tana cikawa.

"Da gishiri kike cikawa?"

"Ai na gishiri ne."

Mai shagon ta cire tabarau daga wuya ta saka, ta sake cirewa. Ta yi magana a hankali, kamar mai tsoron fasa ƙwai.

"Iya, in miyarki ta ƙone a wuta ta yi kauri, me kike ƙara mata? Ruwa ko gishiri?"

Matar ta ce zafin fitila da iska ne suke ɗauke ruwan, kamar tururin tukunya, amma gishirin ba ya tashi, yana nan a ciki. Ruwa zalla ake mayarwa. Ta ce kusan duk sabon shiga sai ya yi wannan kuskuren, ita ma ta yi. Umma ba ta ji ƙarshen ba. Abu ɗaya ne yake kai da komo a kanta, kuma sai da ya fito fili.

"Ashe yana jin ƙishi ina ba shi gishiri."

Mai shagon ba ta tambayi wa take nufi ba. Ta rufe shago, ta ɗauki jarkar tataccen ruwa da wata 'yar roba mai allura a ciki ta auna gishirin ruwa, ta ce mu je in gani.

A falon ta tsoma robar ta ɗebo ruwa. Allurar ta tashi ta buge sama ta tsaya. Umma ta ce a kwashe duka a zuba sabo yanzu. Matar ta ce a'a, wannan shi zai ƙarasa abin da ya rage. Abin da ya saba da gishiri mai yawa, in aka juye masa ruwan daɗi lokaci ɗaya fashewa yake yi. Kofi-kofi za a yi, a ɗebi na ciki a zubar, a mayar da zalla, safe da yamma, har allurar ta sauko tsakiya. Ta ce dattin da aka bari ya yi kyau, halittun cikin dutse da wuya su mutu duka, sun fi mutum taurin kai. Sannan ta matso da fuskarta kusa da gilashi ta daɗe tana duban ciyawar.

Ta ce farin nan ya mutu, kuma in aka bar shi zai ruɓe ya ja sauran. Sai an cire. Amma can ƙasa, a ƙarƙashin ƙullin, tana ganin kamar akwai ɗan ja. In ana son a kai gare shi sai an yanke zaren. Ta miƙa hannu za ta naɗe riga, Umma ta riƙe ta. Ta ce ita za ta yi.

Ta wanke hannu da ruwa zalla, ba sabulu, yadda aka ce mata. Ta ɗauko ƙaramin almakashi. Tun da aka kafa tankin hannunta bai taɓa shiga ciki ba, kuma ba ta yi zaton ruwan zai yi ɗumi haka ba, ɗumin jikin mutum. Ta laluba ta sami ƙullin. Ƙarami ne, mai tauri, da ɗan wutsiyar da haƙorinsa ya bari. Ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu har mai shagon ta juya baya tana duban taga. Sannan ta datse.

Farar ciyawar ta narke a hannunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ta fito da ita cikin kwano, suka tsince ta a ƙarƙashin fitila. A tsakiya akwai guntu ɗaya da bai kai farcen ɗan yatsa ba, ja mai duhu, da sauran ƙarfi in an matsa. Mai shagon ta ce ba za ta yi mata alkawari ba. Umma ta yanko sabon zare ta ɗaure shi a kan dutsen, ba ta matse sosai ba. Tsohon ƙullin ta sa a ƙasan gwangwanin ɗinki.

Da Auta ta dawo ta ga kwanon a kicin, ta ɗauka magana ta ƙare. Umma ta kai ta gaban tanki ta nuna mata guntun. Auta ta duba ta ce Umma wannan ai ba rai ba ne, ɓurɓushi ne. Ba ta faɗa da faɗa ba, idonta cike yake da hawaye. Ta ce ta riga ta rasa yaya, ba za ta zauna tana kallon uwarta tana ƙarewa a gaban akwatin ruwa ba. Ta kira Gajere, ya ce aiki ya yi musu yawa, sai ƙarshen wata zai sami mota. Umma ba ta hana ba. Ita ta faɗi sharaɗin da bakinta, kuma ita kanta ba ta san ko guntun rai ne ko ɓurɓushi ba.

Ta ci gaba da kofi-kofi. Wannan ya fi mata wuya fiye da barin datti, don kullum hannunta yana so ya ƙara ɗaya. Allurar tana saukowa kamar ba ta so. Dattin nan ruwan ƙasa da ya rufe yashi ya fara ja da baya da kansa, ba wanda ya goge. Guntun bai yi fari ba, bai kuma ƙaru ba. Idonta ya yi rauni, in ta ƙura masa ido sai ta ga kamar ya motsa, kamar ya yi tsawo, sai ta tuna ta sha ganin abin da babu a falon nan, ta daina yarda da kanta. Ruwa yana raguwa kamar da. Yanzu ta san tururi ne. Duk da haka in tana zuba zallan ruwan takan ji bakinta yana cewa sha, a hankali, don kada Auta ta ji.

Gajere ya zo ranar hutu da jarkoki babu komai a ciki da dogon tiyo. Ya gaishe ta yana kallon ƙasa. Umma ta tashi daga kujerarta ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya, ta naɗe hannu a ƙirji don kada ya yi abin da ba ta sa shi ba. Gajere ya ce a fara kashe injin. Soket ɗin yana can baya, sai an durƙusa an zura hannu ta gefen tankin. Auta ta ce bari ita ta yi.

Ta durƙusa, kuncinta ya kusa manne da gilashi, daidai saitin dogon dutsen. Hannunta ya kai kan soket ɗin. Ba ta cire ba. Ta zauna a haka har Gajere ya tambaya ko ya maƙale ne.

"Umma, da kan nan ɗaya ne ko biyu?"

Umma ta ce ɗaya ne. Guntu ne, ba shi da reshe.

Auta ta janye hannunta daga soket. Ta kira Gajere ya zo ya duba, shi da yake da idon aiki. Ya durƙusa kusa da ita ya kare hasken taga da tafin hannu. A saman guntun wasu 'yan tsinaye biyu sun fito, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, jansu ya fi na uwar haske, sun rabu kamar yatsu biyu. Ya ce biyu ne. Ya ce ga na uku ma yana ƙoƙari ta gefe.

Umma ba ta matso ba. Auta ta zauna dirshan a ƙasa ta rufe fuska da gefen mayafi, ta ce wa Gajere ta cikin mayafin ya yi haƙuri da wahalar da ta ba shi, ya mayar da jarkokinsa. Ya ce babu komai, dama shi tsoron ɗauka yake yi, gilashin da Tarwaɗa ya haɗa a wuri ba ya son a gusar da shi.

Ya naɗe tiyo, ya tattara jarkokin ya fita. Takalmin aiki ne a ƙafarsa, mai nauyi, irin wanda duk masu hawa gini suke sakawa. Suka ji shi yana sauka matakala, taku bayan taku, jarkokin suna bugun ƙarfen gefe. Ba wadda ta tashi rufe ƙofa a cikinsu, har sai da takun ya kai ƙasa ya ɓace a cikin hayaniyar titi.